Ƙadangare da Ɗari: Abin da Ya Kamata Manomin Bakin Komadugu Ya Sani

Idan watan Disamba ya kama, iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas, ta lulluɓe garin Diffa da hazo. Da asuba kowa yana neman bargo. Masu zuwa garka a bakin Komadugu sukan hura wuta, su ɗumama hannu kafin su kama tsinkar tattasai.

Ya kai mai karatu, ka taɓa duba katangar gidanku a irin wannan safiya? Ƙadangarun da suka saba guje-guje a kanta, babu ko ɗaya. Sai hantsi ya yi sannan jangwada zai fito a hankali, ya kwanta inda rana take bugu. Jan kansa ya dushe kamar an shafa masa toka. Damo kuwa, sai a yi wata da watanni ba a sa shi a ido ba.

Ina suke shiga? Me ya sa suke ɓuya? Amsar tana da amfani ga gonarmu, tana kuma da amfani ga lafiyar iyalinmu.

Jikin da ba ya hura wutar kansa

Jikin mutum kamar ɗaki ne mai murhu a ciki. Abincin da muke ci shi ne itacen murhun. Shi ya sa zafin jikin mai lafiya yake tsayawa wajen digiri 37, ko da bazara ko da ɗari. Akuya da kaza ma suna da murhu a cikin jikinsu.

Ƙadangare ba shi da irin wannan murhu. Damo, guza, tsaka, kulɓa, hawainiya, maciji da kada, duk haka suke. Zafin jikinsu daga waje yake zuwa: daga rana, daga dutse mai ɗumi, daga bangon da ya yini yana shan rana. Idan wuri ya yi sanyi, jikinsu ya yi sanyi. Zuciyarsu ta rage bugu, ƙafafunsu su yi nauyi, abincin da ke cikinsu ya ƙi narkewa.

A Diffa, zafi yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu da na Mayu. A daren Janairu kuwa yakan sauka ƙasa da digiri 15. A wurin ƙadangare wannan babban bambanci ne. Shi ya sa da ɗari yake kwana cikin tsagar bango, ko ƙarƙashin tarin kara, ko cikin kogon itace. Da safe dole ya sha rana tukuna, sannan ya iya gudu da farauta. Idan jikin jangwada ya yi ɗumi, sai jan kansa ya dawo.

Wannan hali yana da riba. Dabbar da ba ta hura wutar kanta ba ta bukatar itace da yawa. Abincin da ƙadangare yake bukata kusan kashi 1 ne cikin 10 na abin da ɓera mai nauyinsa yake bukata. Saboda haka yana iya daɗewa bai ci kome ba, kuma bai mutu ba.

Ƙadangaren Ƙasar Wuta

Ɗarin Diffa na watanni biyu ne ko uku, kuma ruwa ba ya daskarewa. To, yaya ƙadangare yake yi a ƙasar da sanyi ya fi namu nesa ba kusa ba?

Mu a nan, idan aka ce kudu, sai mu tuna da ruwan sama da kurmi da ɗumi. Amma duk wanda ya yi ta tafiya kudu, ya wuce tsakiyar duniya, ya ci gaba, zai sake tarar da sanyi. Iyakar kudu da iyakar arewa duk ƙanƙara ce.

A ƙarshen nahiyar Amurka ta Kudu akwai wani babban tsibiri. Ƙasashen Ajantina da Cile ne suka raba shi. A shekarar 1520 wani matuƙin jirgin ruwa, mutumin Fotugal, mai suna Magellan, ya bi ta gefensa. Ya hangi wutar da mutanen wurin suke hurawa. Daga nan aka sa wa tsibirin suna Tierra del Fuego, wato Ƙasar Wuta. Sunan wuta ne, amma ƙasar sanyi ce. Lokacin zafinsu yana zuwa ne daidai da ɗarinmu, a Disamba da Janairu. Ko a lokacin, matsakaicin zafin wurin wajen digiri 10 ne. Ke nan bazararsu ta fi daren ɗarinmu sanyi. A watan Yuni da na Yuli kuwa ruwa yakan daskare.

Duk da haka, a arewacin tsibirin akwai wani ɗan ƙadangare. Masana suna kiransa Liolaemus magellanicus. Waɗansu Faransawa biyu ne suka fara rubuta bayaninsa a shekarar 1847. Babu wani ƙadangare a duniya da yake zaune kudu da shi. A tsibirin babu maciji, babu kunkuru. Cikin dangin masu jan ciki, shi kaɗai ya iya zama a can.

Dabarunsa uku ne.

Ta farko, ƙarami ne. Tsawon jikinsa, ban da wutsiya, wajen santimita 6 ne. Bai wuce yatsan babban mutum ba. Kowace mace ta san ƙaramar tukunya ta fi babba saurin tafasa. Idan rana ta leƙo na ɗan lokaci, jikinsa ya yi ɗumi nan da nan.

Ta biyu, ya san wurin ɓuya. Yana zama a gindin ciyawa da ƙananan itatuwa, inda iska ba ta dukansa. Idan babban sanyi ya zo, sai ya shige rami ya kwanta. Ba ci, ba yawo, har sai ɗumi ya dawo.

Ta uku ta fi ban mamaki. Macen ba ta binne ƙwai. Ƙasar wurin ta yi sanyin da ƙwai ba zai ƙyanƙyashe a cikinta ba. Sai ta riƙe ƴaƴan a cikinta. Duk inda rana ta faɗa, can za ta je ta kwanta, ta ɗumama kanta da su. Idan lokaci ya yi, ta haife su da ransu. Ko a Afirka akwai waɗansu irin kulɓa da suke haihuwa haka.

Wannan ɗan ƙadangare da namu na kan katanga, bukatarsu ɗaya ce. Kowannensu yana neman rana da maɓuya. Idan aka raba shi da ɗaya cikin biyun, ya halaka.

Zafin ƙasa da ƙwan ƙadangare

Ƙadangaren gidajenmu ƙwai yake yi. Macen takan tona ɗan rami a ƙasa mai laima, ta zuba ƙwai kamar 5 zuwa 7, ta rufe, ta tafi. Zafin ƙasa ne yake yi mata kwanci. Bayan wajen wata biyu ƴaƴan su fito.

A shekarar 1966, a jami'ar Dakar ta ƙasar Senegal, wata masaniya mai suna Madeleine Charnier ta gano wani abu game da wannan ƙwai. Wanda aka ajiye a zafin digiri 26 zuwa 27, kusan duka mata ya ba da. Wanda aka ajiye a digiri 29, maza ya ba da. Wato zafin ƙasa ne yake raba namiji da mace. Daga baya aka gano haka abin yake ga kada da kunkuru iri-iri. A jikin ƙadangare irin na katangarmu duniya ta fara sanin wannan ilimi.

Damo da guza

Waɗannan biyu su ne manyan dangin ƙadangare a ƙasarmu. Damo na tudu ne, guza na bakin ruwa.

Hausawa suna yi wa damo kirari da sarkin haƙuri, kuma sun yi gaskiya. Wani masani ɗan Senegal, Mamadou Cissé, ya bi rayuwar damo a farkon shekarun 1970. Ya nuna cewa da damina damo yake cin abincinsa na shekara. Yakan ci ya tara kitse a ciki da wutsiya. Idan ɗari ya shigo, ciyawa ta bushe, ƙwari suka ɓace, sai ya shige rami ko kogon itace ko tsohon suri. A can zai kwanta watanni yana cin kitsensa, har ruwa ya sauka. Sanyi da rashin abinci ne suka haɗu suka kwantar da shi.

Guza ya fi damo girma. Babbansa yana iya kai mita 2. Gwanin iyo ne. Kogin Komadugu gidansa ne. Ruwan wannan kogi yana fitowa daga kogin Haɗeja da na Jama'are a Najeriya. Ya raba Nijar da Najeriya na tsawon kusan kilomita 150, sannan ya faɗa Tafkin Cadi kusa da Bosso. A tafkuna da fadamun da kogin yake cikawa guza yake samun kwaɗi, kifi, ƙaguwa da dodon koɗi.

Macen guza tana da tata dabarar. Sau da yawa takan fasa suri mai gara a ciki, ta zuba ƙwanta, wani lokaci har 60. Gara ta zo ta liƙe wurin da aka fasa. Cikin suri akwai ɗumi da laima dare da rana. Ta haka gara take yi wa guza renon ƙwai na watanni da yawa ba da saninta ba.

Aikin da suke yi wa manomi

Ƙadangare ɗan ƙodago ne da ba a biya. Abincinsa tururuwa, gara, fara, buzuzu da tsutsa. Tsaka tana farauta da dare, tana cin ƙwarin da ke zuwa wurin fitila, har da sauro da ƙananan kyankyasai. Hawainiya tana kama ƙuda da fara a kan reshe. Damo yana cin ƙadandoniya, gyare, buzuzu, dodon koɗi da kunama. Manoman gyaɗa sun san ɓarnar da ƙadandoniya take yi wa irin da aka shuka.

Kada mu ƙara gishiri. Ƙadangare shi kaɗai ba zai raba garkar tattasai da darɓa ba. Ɗaya ne cikin masu taimako, tare da tsuntsaye, kwaɗi, gizo-gizo da ƙwari masu cin ƙwari. Amma idan aka kashe waɗannan duka, ƙwarin ɓarna su ne suke fara dawowa, domin sun fi saurin hayayyafa. Sai manomi ya ƙara sayen magani, kuɗin tattasai ya tafi a kanti.

Guza yana da nasa laifi. Yana shan ƙwan kaji, yana ɗauke ƴan tsaki, yana cin kifin da ya faɗa taru. Maganin wannan shi ne akurki mai ƙarfi da ƙofar da ake rufewa, da kuma duba taru da wuri.

Abubuwa uku da suke ƙarar da su

Na farko, wutar daji. Da ɗari ake yawan cinna ta, kuma lokacin ne waɗannan dabbobi ba su da ƙarfin gudu. Wanda ya kwanta ƙarƙashin kara, a nan zai ƙone. Wanda ya tsira, ya rasa maɓuya. Wutar tana kuma cinye abincin dabbobinmu da takin gona.

Na biyu, maganin ƙwari. Ƙadangare yana cin ƙwarin da aka fesa wa guba, gubar ta shiga jikinsa. Wani lokaci kuma yunwa ce take kashe shi. A shekarar 2003 masana sun ba da labarin abin da ya faru a tsibirin Madagaska. An fesa wani magani mai suna fipronil don kashe fara. Maganin ya kashe gara mai yawa. Bayan haka ƙadangaru iri biyu masu cin gara suka ragu a wurin. A shekarar 2012 kuma waɗansu masana suka auna kitsen guza a Afirka ta Yamma. Sun samu ragowar DDT a ciki. Wannan tsohon maganin ƙwari ne da aka daɗe da hana fesa shi a gona. Abin da suka samu ba shi da yawa, amma ya nuna cewa guba tana daɗewa a ƙasa da ruwa. Ruwan da guza yake iyo a ciki, shi ne kifinmu yake ciki, shi ne yaranmu suke wanka a ciki.

Na uku, farauta ba ƙa'ida. An daɗe ana kama guza a yankin Tafkin Cadi don nama da fata. Ana kai fatar waje, a yi jaka da takalmi. Da ɗari kuma ana tone damo daga raminsa, lokacin da ba ya iya kare kansa. A shekarar 1975 Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya da ake kira CITES, wadda ta sa ido a kan cinikin namun daji da fatunsu tsakanin ƙasashe. Damo da guza suna cikin dabbobin da ta ambata. A ranar 29 ga Afrilu 1998 aka kafa doka mai lamba 98-07 a kan farauta da kare namun daji. Mai son farauta ya fara tuntuɓar ma'aikatan gandun daji.

Tonon ramin damo yana da haɗari ga mai tonon kansa. Maciji ma sanyi yana korar shi cikin rami. Yaro ya zura hannu yana neman damo, ya taɓo maciji ko kunama. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure shi tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a gaggauta kai shi asibiti.

Tsaka da ƙadangare a cikin gida

Mutane da yawa suna cewa tsaka tana da dafi. Waɗansu suna cewa idan ta faɗa a abinci tana jawo kuturta. Ba haka ba ne. Tsaka ba ta da dafi, kulɓa ba ta da shi, hawainiya ma haka. Ƙadangaru masu dafin da ke kwantar da mutum suna can Amurka da Meziko, babu su a Afirka. Cizon damo ko na guza yana da ciwo, amma ba ya kisa kamar saran maciji. A wanke shi da ruwa da sabulu, a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Kuturta kuwa ƙwayar cuta ce take kawo ta. Wani likita mutumin Norwe, mai suna Hansen, ya gano ƙwayar a shekarar 1873. Tana warkewa da magani. Tun shekarar 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da maganin kyauta. Wanda ya ga tabo mai haske a fatarsa, wanda ba ya jin taɓi a wurin, ya je asibiti. Kada ya zauna yana zargin tsaka.

Haɗarin gaskiya yana cikin kashinsu. Ƙadangare, tsaka, damo da guza sukan ɗauki wata ƙwayar cuta a hanjinsu, ana kiranta Salmonela. Su ba ta cika cutar da su ba. Amma idan kashinsu ya faɗa a ruwan sha ko a abinci, mutum yana iya kamuwa. Alamunta su ne zawo, zazzaɓi, ciwon ciki, wani lokaci da amai. Sukan fara tsakanin awa 6 da kwana 3 bayan an ci abin. Ta fi tsanani ga ƙananan yara da tsofaffi.

Da ɗari ya kamata a ƙara kula, domin suna matsowa inda ɗumi yake: bayan murhu, cikin rufin ɗaki, gindin rumbu. Magabata suna maganar ƙadangaren bakin tulu: a kashe shi a fasa tulu, a bar shi ya ɓata ruwa. Mafita tana nan kusa. A rufe bakin tulun.

Abin da za mu yi

1. A rufe randa da tulu da faifai ko murfi. A ajiye moɗa a wuri mai tsabta.

2. A rufe abincin da ya kwana. A ɗumama shi ya yi zafi ƙwarai kafin a ci, domin wuta tana kashe ƙwayar cutar.

3. A shanya tattasai a kan tabarma ko buhunan da aka ɗinke, ba a ƙasa ba. A share wurin shanya, a tsince ƙazanta kafin a zuba a buhu.

4. Duk wanda ya taɓa ƙadangare, ko ya feɗe damo ko guza, ya wanke hannu da wuƙa da sabulu. Masu cin naman su dafa shi ya nuna har ciki.

5. Idan yaro ya kama zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da ba shi nono da abinci. Idan akwai jini a zawon, ko zazzaɓi mai zafi, ko ya ƙi sha, a kai shi asibiti ran nan.

6. Kada a cinna wa daji wuta. A gefen garka a bar shinge mai rai da ɗan tarin kara ko duwatsu, nesa da hanyar yara, domin masu cin ƙwari su sami maɓuya.

7. Kada a yi feshi sai an duba gona an ga ƙwarin. A nemi shawarar malamin gona a kan irin magani da ma'auninsa. A tambaye shi yadda ake haɗa ruwan ƴaƴan dogon yaro.

8. A yi feshi da sassafe ko da yamma, lokacin da iska ta kwanta. Kada a wanke famfon feshi a kogi ko a tafki. Kada a zuba ruwan sha ko mai a kwalbar magani.

9. A hana yara harbin ƙadangare don wasa, a hana su zura hannu a rami.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

Me ya sa ba a ganin ƙadangare da asubar ɗari? Waɗanne dabaru uku ne suka taimaki ƙadangaren Ƙasar Wuta? A garinku, damo ya ƙaru ne ko ya ragu tun kuna yara? Me tsofaffi suke cewa a kan dalilin? A gidanku, randa nawa ce take kwana a buɗe?

Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa na garka da mutanen gidansa.